Kwana Uku A Badarawa: Wace Jami'a Za A Rubuta Wa Auta?

Tafiyar wannan wata ba ta yi nisa ba, Kaduna garin gwamna kawai na leƙa, kuma ko a Kadunan ma unguwa ɗaya ce masaukina, wato Badarawa. To amma abin da ya kai ni abu ne da na san yana hana iyaye mata da yawa barci duk shekara, da zarar an ce hukumar JAMB ta fara sayar da fom.

Yayata ce ta bugo mini waya da daddare, ko gaisawa ba mu gama ba ta ce, "Don Allah ki zo ki raba mu, gidan nan ya ƙi daɗi." Na ce, "Subhanallahi, Yaya, me ya yi zafi?" Ashe autarta ce ta kammala sakandare da sakamako mai kyau, tana son karanta ilmin harhaɗa magunguna, sai aka rasa jami'ar da za a rubuta mata a zaɓin farko. Maigidan, wanda ya yi karatunsa a Zariya shekara talatin da suka wuce, ya kafe a kan cewa in dai ba Jami'ar Ahmadu Bello ba ce to a haƙura. Yaya kuwa ta ce 'yarta ba za ta kwana a wani gari ba alhali ga jami'ar jiha nan kusa da gida. Shi kuma babban wan yarinyar kullum sai ya shigo da waya a hannu yana karanto musu jerin jami'o'i, wai wannan ce ta kaza a Nijeriya, waccan ce ta kaza a Afirka. Ita Auta, wadda ake yi dominta, ta ja bakinta ta yi gum.

Maganar ba ƙarama ba ce, domin gurbin zaɓin farko ɗaya ne tak a fom ɗin, kuma jami'o'in da ake rububinsu ba kasafai suke waiwayar wanda ya sa su a zaɓi na biyu ba. Kuskure ɗaya kan zaunar da yarinya shekara guda a gida, mu kuwa mun san abin da zaman shekara guda yake jawo wa budurwa. Ko dai zuciyar karatun ta mutu, ko dangi su fara cewa a aurar da ita kowa ya huta.

Shiga gari

Na taso daga Kano da sassafe cikin hazon hunturu. Muka wuce Kwanar Dangora, muka bi ta gefen Zariya, muka bar Jaji da Mararrabar Jos a baya. Tun daga Rigachikun mutum zai fara gane cewa ya doshi garin makarantu. A bakin wannan hanya Cibiyar Malamai ta Ƙasa take, wato NTI, wadda aka kafa a 1976, kuma matan aure da yawa sun samu takardar NCE ta hannunta ba tare da sun bar ɗakunansu ba. Kusa da filin baje kolin kasuwar duniya kuma akwai reshen jami'ar nan ta karatu daga gida, NOUN. Daga nan sai Kawo da sabuwar gadar samanta da aka buɗe a 2022, inda na sauka na hau keke zuwa Badarawa.

Ga wadda ba ta san ta ba, Badarawa tsohuwar unguwa ce a ƙaramar hukumar Kaduna ta Arewa, tana maƙwabtaka da Malali da Unguwar Dosa da Unguwar Sarki. Unguwa ce ta lunguna da gidajen haya da makarantun Islamiyya. Da safe ƙamshin ƙosai da koko ne ke tarbar ki, da yamma kuma sai karatun yara ya cika ko'ina. Za ki tarar da tsohon ma'aikacin gwamnati mai cin fansho katangarsa haɗe da ta ɗan kasuwa, gaba kaɗan ga gidan soja, ga Bahaushe ga Bafulatani ga Banufe ga Bayarabe. Da wuya ki shiga gida uku a jere ba ki sami ɗalibin babbar makaranta ba. Shi ya sa zancen wace makaranta ta fi wata ya zama abin hira kamar zancen farashin shinkafa.

Ma'aunin unguwa

Na dace kuwa, ranar da na sauka ana suna a maƙwabta, Yaya ta ja ni muka shiga yin barka. Da gangan na jefa tambayar a tsakiyar ɗaki, na ce, "Ni baƙuwa ce, wace jami'a ce ta fi a Kaduna?" Kamar jira ake yi. Wata dattijuwa ta ce, "Ke 'yar nan, ai ABU uwa ce, sauran duk 'ya'yanta ne da jikoki." Wata ta ce ai ABU a Zariya take, in Kaduna ake magana to NDA ce, ba yajin aiki, ba zaman banza bayan an gama. Wata mai goyo ta ce ita dai KASU, yarinya ta tafi da safe ta dawo ta yi Magariba a gida. Wata kuma ta ce mijinta ɗan Poli ne, kuma da aikin hannun da ya koyo a can ya gina gidan da suke ciki.

Na lura kowace mace tana yabon inda nata ya yi ne, kuma yawancin labaran sun kwana biyu. Wata abin da take faɗa tun zamanin da mijinta yake ɗalibi ne. Suna haka yake, yana daɗewa kafin ya samu, yana kuma daɗewa kafin ya gushe, ko da abin da ya jawo shi ya canja. Da muka koma gida na ce wa Yaya, "Gani ya kori ji. Gobe mu ɗauki Auta mu zaga da ƙafarmu."

Rana ta farko: makarantun sojoji

Mun fara da maƙwabciyar Badarawa, tsohuwar NDA da ke barikin Ribadu. An kafa wannan makaranta ta horar da hafsoshi ranar 5 ga Fabrairu 1964, ta fara karatun digiri a 1985. Daga baya aka mayar da kuratan zuwa mazauninta na dindindin a Afaka, a nan tsohon wurin kuma ake karatun gaba da digiri, wanda farar hula ma suna shiga, maza da mata. A 2011 ne aka fara ɗaukar mata a babban kwas ɗin hafsoshi, su 20. Daga bakin ƙofa muka tsaya muna kallon tsabtar wurin da yadda kowa ke tafiya kamar an ja shi da zare. Babu ko tantama sunan da ta yi na tarbiyya da tsari ba a banza ta same shi ba. Sai dai wanda ya shiga digirin farko a nan ya shiga aikin soja ne, ba kuma a koyar da abin da Auta take so. Ke nan ga makaranta mafi kwarjini a unguwar, amma ga buƙatarmu ko cikin lissafi ba ta.

Daga nan muka nufi Kawo muka karya hanyar Mando, inda sansanin sojojin sama yake. A cikinsa akwai makarantar fasaha ta sojojin sama, AFIT. Ta faro ne a 1977 a matsayin makarantar koyar da gyaran jirage da kula da kayan aiki, ta samu sunanta na yanzu a 2008, sannan a 2018 ta shiga sahun masu ba da digiri, kuma tana ɗaukar farar hula. Ƙarfinta yana wajen injiniyancin jiragen sama da na'urori da kwamfuta. A wannan sansani ne aka ƙaddamar da jirage marasa matuƙa ƙirar gida, Gulma a 2013 da Tsaigumi a 2018. Auta ta yi ta dariyar sunayen, ta ce, "Anti, ashe gulma ma tana da ranarta." Abin mamaki shi ne a ɗakin sunan nan babu mace ɗaya da ta ambaci wannan makaranta, alhali ga yarinyar da ke son injiniyanci tana iya zama ita ce ta ɗaya. Sunanta ne bai tsufa ba tukuna.

Da muka fito, mai keken ya nuna mana hanyar da ta miƙe wajen filin jirgin sama, ya ce can ne Afaka. Nan take fuskar Yaya ta canja, ni ma na san dalili. A Afaka ne ranar 11 ga Maris 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai 39 daga kwalejin gwamnatin tarayya ta koyon aikin gandun daji, mata sun fi yawa a cikinsu. Ranar 20 ga Afrilu na shekarar aka afka wa jami'ar Greenfield, mai zaman kanta, da ke kan hanyar Abuja, aka sace ɗalibai, aka kashe biyar daga cikinsu. A watan Agusta kuma NDA kanta aka shiga aka kashe hafsoshi biyu. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kiyaye na gaba. Tun daga wannan shekara iyaye mata a Kaduna suka ƙara wani ma'auni da ba a rubuta shi a kowace takarda: ina makarantar take, cikin gari ko bakin daji, kuma wace hanya ake bi kafin a kai? A nan na gane cewa kafewar Yaya ba son kai ba ne, tsoro ne mai tushe. Amma na tuna mata cewa shi ma tsoro yana tsufa kamar suna, halin da ake ciki yau shi ya kamata a bincika, ba na shekarun baya kaɗai ba.

Rana ta biyu: daga gidan Sardauna zuwa Tudun Wada

Washegari muka yi kudu. Muka fara tsayawa a Gidan Arewa da ke titin Rabah, ba nisa da masallacin Sultan Bello. Nan ne gidan Firimiyan Arewa, Sa Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, inda aka kashe shi ranar 15 ga Janairu 1966. A 1970 aka mayar da wurin cibiyar adana tarihi da bincike bisa jagorancin Farfesa Abdullahi Smith, kuma a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello take. Wato ko da yake ABU tana Zariya, kimanin kilomita 80 daga nan, tana da ƙafa a cikin Kaduna, kuma ba a zancen jami'a a garin nan ba a sako ta ba.

Muna zagaya hotuna da kayan marigayin, sai na fahimci abin da maigidan Yaya yake ji a ransa. An buɗe ABU ranar 4 ga Oktoba 1962, lokacin da masu digiri a duk faɗin Arewa ba su taka kara sun karya ba. Ita ta yaye marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, ita ta yaye Hajiya Zainab Shamsuna Ahmed wadda ta riƙe ma'aikatar kuɗi ta ƙasa daga 2018 zuwa 2023, da dubban likitoci da alƙalai da malamai. Tana da babbar harabarta a Samaru, da ta Kongo inda ake karatun shari'a da sha'anin mulki, da asibitin koyarwa a Shika. Duk ofishin da kika shiga a Arewa sai kin tarar da ɗanta, wannan zumunci kuwa jari ne ga mai neman aiki.

Sai dai babban suna yana zuwa da babban layi. Masu nema sun ninka guraben sau da yawa, musamman a likitanci da shari'a da harhaɗa magunguna. Jami'o'in tarayya kuma suna raba gurabensu ne kashi uku: 45 cikin ɗari ga waɗanda suka fi maki daga ko'ina, 35 ga jihohin yankin jami'ar, 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilmin boko. Saboda haka kafin a rubuta ABU sai a dubi makin da yarinya za ta iya kawowa cikin 400 na JAMB, a gaya wa kai gaskiya. Akwai kuma yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, wanda ya ci wata tara a 2020 da wata takwas a 2022. Yara da yawa karatun shekara huɗu ya koma musu shida.

Daga nan muka wuce titin Tafawa Ɓalewa, inda Jami'ar Jihar Kaduna take, wadda kowa ke kira KASU. An kafa ta a 2004 zamanin Gwamna Ahmed Mohammed Maƙarfi, wato ABU ta ba ta shekara arba'in da biyu. A tsakiyar gari take, kuma asibitin koyarwarta shi ne Barau Dikko, mai ɗauke da sunan likita na farko ɗan Arewa. Mun shiga mun zauna a inuwa kusa da masallaci, muka yi ta jan 'yan mata da hira. Yawancin waɗanda muka zanta da su daga gida suke zuwa, daga Kawo, Tudun Wada, Rigasa, Barnawa, har da wata matar aure mai 'ya'ya biyu da ta ce in ba don kusancin ba da karatun ya gagare ta.

A nan muka tsinci abubuwa biyu da babu wanda ya ambata a gida. Na farko, KASU tana da haraba ta biyu a Kafanchan, can kudancin jihar, tafiyar awanni, kuma can ake karatun aikin gona da fannonin muhalli irin su zanen gine-gine. Ke nan uwar da ta rubuta KASU don 'yarta ta zauna a gida, in ba ta dubi fannin ba sai ta wayi gari yarinyar ta fi mai zuwa Zariya nisa. Na biyu shi ne kuɗin makaranta. A 2021 gwamnatin jiha ta ƙara shi ƙwarai, mafi ƙarancinsa ya kai Naira 150,000, har aka yi ta zanga-zanga. A 2023 Gwamna Uba Sani ya rage kashi 30 cikin ɗari, ya koma Naira 105,000. Darasin shi ne kuɗin da aka shiga da shi ba lallai da shi za a fita ba, kuma fannonin lafiya sun fi sauran tsada. Tun 2024 dai akwai asusun ba ɗalibai rance na gwamnatin tarayya, NELFUND, ga masu karatu a makarantun gwamnati.

Mun rufe yawon ranar da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, wato Poli, a Tudun Wada. Ta girmi ABU ma, domin tun 1956 ta faro a matsayin makarantar koyon sana'a, ta zama Poli a 1968, tana da rassa a Unguwar Rimi da Barnawa. An daɗe ana kokawa kan fifikon da ake ba mai digiri a kan mai babbar difloma wajen ɗaukar aiki, wannan ne ya rage mata farin jini a idon iyaye. Amma fannoninta irin su ɗinki da zanen tufafi, girke-girke da kula da otal, da ilmin abinci mai gina jiki, sana'o'i ne da mace za ta riƙe kanta da su ko tana cikin gidanta.

Rana ta uku: jerin da ke cikin waya

A rana ta uku ban fita ba. Na kira wan Auta na ce, "Zo nan ɗana, kawo wayar nan mu gani." Ya nuno mini jeri uku, kuma babu biyu da suka yi daidai. Na yi masa tambaya uku: wa ya rubuta, me ya auna, kuma a wace shekara? Biyu daga ciki ko sunan mai su babu, wasu ne kawai suka tsara don a yi ta turawa a WhatsApp.

Akwai na gaskiya, amma su ma sai an san abin da suke aunawa. Fitacce a ciki shi ne na mujallar Times Higher Education ta Landan. Yana duba yawan binciken da malamai suka wallafa, da yadda masana na duniya suke kafa hujja da shi, da yawan malamai idan aka kwatanta da ɗalibai, da baƙin ɗalibai daga ƙasashen waje, da hulɗa da masana'antu. Kafin ma a saka jami'a a ciki sai ta wallafa maƙalun bincike 1,000 cikin shekara biyar. Shi ya sa ƙaramar jami'a ko sabuwa ba za ta fito ba, ko da kuwa tana koyarwa da kyau. A jerinsu na 2025, Oxford ta Ingila ce ta ɗaya, ABU kuma ta faɗo a rukunin 1,001 zuwa 1,200 a duniya, tana cikin na gaba-gaba a Nijeriya. Akwai kuma Webometrics da wata cibiyar bincike a ƙasar Sifen take fitarwa tun 2004, wanda kaso mafi girma na makinsa yana kan yadda jami'a ta yi fice a intanet.

Duk waɗannan suna da amfaninsu, musamman ga mai neman digiri na biyu ko na uku, ko mai son fita waje. Amma ba a auna yadi da mudu. Babu ɗaya a cikinsu da zai gaya miki ko akwai ruwa a ɗakin kwanan 'yan mata, ko ɗalibai nawa ne ke layi a kan na'ura ɗaya a ɗakin gwaje-gwaje, ko malami yana shiga aji, ko wa yarinya za ta kai wa ƙara in wani ya matsa mata.

Ma'aunin da ya fi shafar mu yana nan gida, kuma shi ne wanda ba a cika turawa a waya ba. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, tana tantance karatu ne fanni-fanni, ba jami'a dunƙule ba. Fannin da ya samu cikakkiyar amincewa yana da shekara biyar kafin a sake duba shi, mai amincewar wucin gadi shekara biyu, wanda aka hana kuwa ba shi da izinin ɗaukar sababbin ɗalibai. Saboda haka a jami'a ɗaya sai ki sami wani fanni lafiya lau, wani yana tangal-tangal. Bayan NUC kuma kowace sana'a tana da masu tsaron ƙofarta: MDCN ga likitoci, wadda har adadin ɗaliban da za a ɗauka take ƙayyadewa, PCN ga masu harhaɗa magunguna, COREN ga injiniyoyi, da majalisar ma'aikatan jinya da ungozoma. Wadda ta yi karatu inda ba su amince ba, ta sha wahalar banza, domin ba lasisin aiki.

Wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu. Magabatanmu masu neman ilmin addini ba sa tambayar wane gari ya fi, sai dai su tambayi wane malami ne ya ƙware a wane fanni. Shi ya sa almajiri zai taso daga nesa ya nufi Zariya saboda nahawu da lugga, in ya samu ya ƙara gaba wurin wani malamin don fiƙihu. Fanni ake bi, da mai koyar da shi.

Bakin Auta ya buɗe

Bayan sallar Isha'i muka zauna gaba ɗaya a tsakar gida. Na zayyana abin da muka gani, sannan na ce, "Yaya, Alhaji, kwana uku ina gidan nan ban ji wanda ya tambayi mai karatun ba." Aka yi shiru. Maigidan ya gyara zama ya ce, "Auta, faɗi abin da ke ranki, ba wanda zai yi fushi."

Ta daɗe tana wasa da bakin hijabinta, sannan ta ce, "Baba, ni ba na ƙin KASU, kuma na san makin da zan iya kawowa. Abin da nake tsoro shi ne gida. Ni kaɗai ce mace da ta rage. In ina zuwa daga nan, girki nawa ne, wanke-wanke nawa ne, in an yi baƙi ni ce, in ana biki a dangi ni ce. Karatun magunguna kuwa ba ya son haka. Shi ya sa wani lokaci nake cewa gara Zariya, ko ba komai in na shiga ɗaki littafina ne kawai a gabana."

Wallahi jikina ya yi sanyi. Mun zaga gari, mun karanta jerin Landan da na Sifen, ashe babban abin da zai ci yarinyar nan ko ya tsirar da ita yana cikin madafin gidansu. Yaya ta share hawaye ta ce ita ba ta taɓa kawo wannan a ranta ba. Mu iyaye mata mukan ce mun fi son yarinya a gabanmu don tarbiyya, kuma gaskiya ne, amma mu tambayi kanmu tsakani da Allah, ba ma haɗawa da son hutun da take ba mu?

A daren aka yanke shawara. Wan nata zai bar jerin waya ya je ya binciko matsayin fannin a wurin NUC da PCN a jami'o'in biyu, da makin da kowace ta tsaya a kai bara. In komai ya yi daidai za a rubuta KASU, bisa sharaɗin da maigidan ya gindaya da bakinsa: an ɗauke wa Auta girkin ranakun karatu, za a ware mata ɗaki da fitila mai aiki da hasken rana, kuma lokacin jarrabawa ko bikin wa ake yi ba ta zuwa. Ya ƙara da cewa in Allah Ya kai mu digiri na biyu, to fa Zariya ba fashi. Aka yi dariya, aka ce kowa ya yi istihara kafin a je a cike fom.

Guzurin da na taho muku da shi

'Yar'uwa, in ke ma kina cikin irin wannan hali, a Kaduna kike ko Kano ko Sakkwato, ga abin da na koyo. Ki fara da fannin da yarinya take so kuma take iyawa, sannan ki nemi inda aka amince da shi, kuma ki tabbatar a wace harabar ake koyar da shi. Ki yi lissafin kuɗi na duk shekarun, har da na mota da abinci da littattafai, domin kuɗin keke na kullum in aka tara shi yakan kamo na ɗakin kwana. Ki taka da ƙafarki ki ga wurin, ki leƙa masallaci da ɗakin kwanan mata, ki yi hira da ɗaliban da ke ciki yanzu, ba waɗanda suka gama shekara ashirin da suka wuce ba. Duk jerin da aka turo miki ki tambayi wanda ya yi shi da abin da ya auna. Sannan ki zaunar da 'yarki ki saurare ta har ta gama, ba tare da kin katse ta ba.

Da safe Auta ta rako ni bakin titi da jakata a hannu. Ga motocin sojoji na wucewa, ga 'yan mata da jakunkunan littattafai suna tsaida keke, wasu za su yi Mando, wasu cikin gari, wasu Tudun Wada. Na ce mata, "Saura ƙoƙarinki, 'yata." Ta ce, "In sha Allahu, Anti, ba zan ba ku kunya ba."

Allah Ya yi wa 'ya'yanmu zaɓi mafi alheri, Ya ba su ilmi mai amfani, Ya tsare mana su a duk inda suke. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.